Wanda Ya Ɗaura Shi Ke Kwancewa

Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki na ji faɗuwarta. Ba wata ƙara mai yawa ba ce, kamar dai an yar da damin gero daga sama. Kakarta ce ta aike ta ta hau rumbu ta miƙo hatsi, da yake an yi ruwa da asuba tsanin ya jiƙe, sai ƙafarta ta zame. Shekarunta sha biyu a lokacin, kuma ita ce 'yata ta fari.

Ban tashi da gudu ba. Wanda bai san mu ba zai ce ba ni da tausayi, amma mu a nan Tambuwal uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban surukai. Ba na kiran sunanta, ba na zama tabarma ɗaya da ita idan da mutane. Tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta take kwana, ita take kira Inna, ni kuwa Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Don haka tsohuwa ce ta riga ni isa wurin tana salati, ni kuma na ajiye rariya na bi bayanta. Hannunta na dama ne. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ya lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba.

Kafin a kira maigida daga gona ƙanensa ya shigo. Malamin makaranta ne, kimiyya yake koyarwa a sakandare, kuma duk zuriyarsu babu wanda ya kai shi ƙin ɗorin gida. Akwai wasa tsakanina da shi, irin na mace da ƙanen miji. Ina ce masa Bature, shi kuma tun da na shiga ajin manya yake ce mini Hajiyar yaƙi da jahilci. Ranar nan babu wanda ya yi wa wani wasa.

Ya ce, "Asibiti za a kai ta. A ɗauki hoto a ga yadda ƙashin ya karye."

Tsohuwa tana riƙe da kan yarinyar a ƙirjinta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Hoto ka ɗora ƙashi? Ƙafar yayanka da amalanke ta taka, hoto anka yi mata?"

"Inna, wancan sa'a ce."

"Sa'ar nan ita ka kai shi gona kullum, shi nomo abin da kake ci kana yi muna Turanci."

Maigida ya iso da laka har gwiwa. Mutum ne marar yawan magana. Ya durƙusa ya dubi hannun, ya dubi uwarsa, ya ce, "Kebbe." A wani ƙauye bayan Kebbe akwai wani tsohon maɗori wanda ya gaji aikin kaka da kakanni. Shi ya ɗora ƙafar maigida, uban maɗorin kuma ya ɗora kafaɗar surukina. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Suka hau babur su uku, yarinya a tsakiya, tsohuwa a baya.

Gab da magariba suka dawo. An tsaga kara an jera shi kewaye da hannun kamar ƙaramin asabari, an naɗe da tsumma, an bi da igiya tun daga wuyan hannu har saman gwiwa. Sai ƙamshin man shanu ke tashi. Yatsu kaɗai suka leƙo. Tsohuwa ta zauna tana dafe da ƙugu, don hanyar ta jijjiga ta, ta karanto mana dokoki. Kada ruwa ya taɓa. Kada a ba ta miyar yauƙi. Sai bayan sati biyu a mayar da ita. Sannan ta ɗaga murya don Bature ya ji daga ƙofa.

"Kuma wanda ya ɗaura shi ka kwancewa. Kowa ya ji."

Ko ba ta faɗa ba kowa ya sani. Da wannan muka tashi. Idan wani hannu ya kwance ɗorin da ba nasa ba, ƙashi ba ya kamawa, kuma alhakin ya sauka daga wuyan maɗori ya hau wuyan wanda ya taɓa. Ko maɗori ɗan'uwansa ba ya taɓa ƙullin wani. Ni ma na yarda da haka kamar yadda na yarda ana shuka bayan ruwa.

A daminar nan kuwa maganar ɗori ta yi zafi a ƙasarmu. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya rasa ƙafa bayan an ɗora shi a gida, aka yi ta zancen a rediyo da majalisun ƙofar gida. Mutanen lafiya na ƙaramar hukuma suka ce dole a san kowane maɗori, kada ya taɓa karayar da ta huda fata, kuma ya riƙa tura mutane ɗaukar hoto tukuna. Maɗora suka ce baiwa ce Allah ya ajiye a gidajensu tun kafin a haifi kakan mai hoto, ba za su je neman izini wurin yaran da suka ɗora suna goye ba. Shi kuwa Bature bai bar kowa ba. Cewa yake maɗora suna cin sa'ar ƙashi ne, don ƙashi da kansa yake haɗewa, su kuma mutanen lafiya tsoro ne ya hana su rufe aikin gaba ɗaya. Abin da ba mu sani ba shi ne, washegarin ranar da aka ɗora yarinyar ne aka tara maɗoran yankin a gaban hukuma.

Yini na biyu kuka ta yi ta yi. Daga ɗakina nake jin ta, ina tsince shinkafa, ina mayar da tsakuwa cikin mai kyau ban sani ba. Tsohuwa ta ce ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa, haka uban yarinyar ya yi lokacin tasa karayar. Aka ba ta maganin ciwon jiki na shago, bai yi komai ba.

Safiya ta uku gidan ya yi tsit. Maigida ya fita tun bayan asuba da buhunan dawa zuwa kasuwar Dogon Daji, ya tafi da daɗin rai don an ce masa ta samu sauƙi. Na jira tsohuwa ta zaga bayan gida da butarta, na ɗauki koko na shiga. Yarinyar tana zaune ta jingina da bango, idanunta sun faɗa.

Na ce, "Ke, karɓi ki sha."

Na ajiye kwanon, na kai hannu kamar zan gyara mata zane, na taɓa yatsun. Sanyi ƙalau, kamar ruwan randa. Sun kumbura har sun manne da juna, faratan sun yi launin da ban taɓa gani a jikin mai rai ba, kamar an tsoma su a baba. Na matse ɗan yatsan tsakiya. Tana kallon bango. Na sa farce na mintsine shi da ƙarfi.

"Kin ji?"

"Mi, Adda?"

Ba ta ma san na taɓa ta ba.

Na fita ban ɗauki kwanon ba. Na leƙa sashen su Bature, ya sa takalmi ɗaya ke nan zai tafi makaranta. Fuskata kawai ya duba ya biyo ni da ɗayan takalmin a hannu. Da ya ga yatsun ya ce innalillahi, ya fita da sauri ya dawo da sabuwar reza. A bakin ƙofa ya yi karo da uwarsa.

"Mi za ka yi da wanga abu?"

"Inna, jini ba ya zuwa yatsunta. Igiyar ta shaƙe hannun. Ki duba da idonki."

Ta duba. Amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

"In ka sa reza ga ɗorin nan ban yafe maka ba."

"To mu kai ta asibiti, ga shi nan cikin gari."

"Asibiti! Duk wanda ya je musu da kara ga hannu zarto suke ɗaukowa. Ɗan kabu-kabun nan ina anka yanke shi, ba can ba? In ka kai ta can ma ban yafe ba. A mayar da ita ga wanda ya ɗaura."

Bature ya tsaya da reza tsakanin yatsu. Aka kira wayar maigida, ba ta shiga. Tsohuwa ta yunƙura za ta ɗauko mayafi, ƙugunta ya riƙe, ta dafa bango ta koma zaune.

Ta ce, "To wa ka riƙe ta bisa babur?"

Na ce, "Ni ka zuwa, Inna."

Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ke? Ki rungumi ɗiyar fari ki ratsa gari da ita?"

"Hannu ne za ni riƙe, Inna. Ai ba sunanta za ni kira ba."

Ta kawar da kai. Can ta ce, "Ku yi sauri."

A mararrabar da ke kai mutum asibiti Bature ya rage gudu har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya ɗan tsaya yana kallon hanyar. Mutumin da ke musu da kowa, har da limamin unguwa a kan ganin wata, bai iya musu da waccan kalmar ta uwarsa ba. Ya ja tsaki ya karkata kan babur hanyar Kebbe.

Hanyar ba ta da kyau da damina. Bayan mun bar babban titi sai kwatami da ruwa kwance, gero ya yi tsawo dama da hagu har ba a hango komai. Wani wuri sai da muka sauka ya tura babur, mu kuma muka ratsa ruwa har ƙwauri. Na ɗora hannun a kan nawa kamar an ba ni ƙwai. Duk ramin da muka faɗa sai in jira ta yi ƙara, ba ta yi. Ta dai kwantar da kanta a ƙirjina. Ina jin Bature yana magana shi kaɗai, iska na kwashe rabin maganar.

Tun daga nesa muka hango farar mota a gindin darbejiya, da mutane cike a ƙofar gidan maɗorin. Muka kutsa. Tsohon maɗorin yana zaune a kan buzu a ƙarƙashin rumfa, ya cusa hannuwansa biyu cikin riga. Gabansa a kan benci wani mutum ne mai matsakaicin shekaru, da hula da tabarau, wanda daga baya na gane jami'in lafiya ne daga ƙaramar hukuma. Ga dukkan alamu sun daɗe suna abu ɗaya, don muryoyinsu sun dushe.

Wata mata da ke jinyar mijinta a ɗakunan baya ta ga hannun da nake riƙe da shi, ta kama mayafina ta raɗa mini. Wai jiya a wurin taro wannan jami'in ya faɗa a gaban kowa cewa wasu maɗoran ba su da maraba da mahauta. Tsohon ya miƙe ya rantse da Allah hannunsa ba zai ƙara taɓa ƙashin kowa ba, sai an janye maganar a gaban mutanen da suka ji ta. Tun jiya bai taɓa kowa ba. Jami'in ya ji labarin masu karaya na kwance babu mai duba su, ya zo ya kwashe su zuwa asibiti, su kuma suka ce ba inda za su.

Bature bai tsaya gaisuwa ba. Ya jawo mu gaba ya ce, "Baba, ga aikinka."

Tsohon ya dubi yatsun. Ya daɗe yana dubawa. Na ga hannuwansa sun motsa a cikin riga, amma ba su fito ba.

"Yaushe sunka yi hakanga?"

Na durƙusa na ce, "Da safe munka gani, Baba."

"An jiƙa shi?"

"Ko ɗigo."

Ya yi ajiyar zuciya. "Kumburi ya fi yadda na auna. A kwance shi yanzu."

Bature ya ce, "To kwance mana!"

"Na rantse, yaro."

Jami'in ya taso ya sunkuya, ya danna farcen babban yatsa ya saki, ya sake dannawa. Ya cire tabarau ya goge a riga.

Ya ce, "Wannan ba abin jira ba ne. Ko motar nan na sa ta yanzu, hanyar ta yi mata nisa."

Bature ya juya wurin jami'in. "Alhamdu lillahi, ga mai ilimi. Ranka ya daɗe, ai akwai almakashi a motarku."

Jami'in ya dubi taron, suna ta matsowa. Ya mayar da tabaraunsa.

"Malam, in na sa almakashi a nan, gobe hannun nan ya lalace, duk ƙasar nan za a ce gwamnati ce ta ɓata ɗorin Baba. Ba wanda zai sake kawo mana ɗansa ko rigakafi. Shi ya ɗaura, ya kwance a gaban mutane, kowa ya ga abin da ke ciki."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kun dai ji ko? Ba hannun yarinya ka gabanai ba, shaida ya zo nema."

Jami'in ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Ka sauke rantsuwar nan."

"Kai ka janye maganarka. Kalma guda ce."

"In janye in ce mi? In ce ƙafar ɗan kabu-kabun nan tana jikinsa?"

"Ni na ɗora shi?"

"Ban ce kai ba ne. Ban kira sunan kowa ba."

"Da kake faɗi wa kake kallo?"

Ni ba mai magana cikin maza ba ce, ko a gida sai an matso ake jin muryata. Amma na matsa kusa da buzun na ce, "Baba, a Islamiyya an karanta muna rantsuwa tana da kaffara. Ciyar da miskinai ne. Ni za ni dafa, ni za ni kai."

Ya ji ni. Ya dube ni da idon da ba na fushi ba.

"Ɗiyata, kaffara tsakanina da Allah ce, ita ce mai sauƙi. Waɗanga fa?" Ya nuna taron da haɓa. "In na karya bakina yau, gobe in na ce wa mutum tashi ka taka ƙashinka ya kama, wa ka yarda?"

Bature ya fashe. Ya ce da tsohon girman kai zai sa ya kashe hannun yarinya, ya ce da jami'in albashin banza yake ci. Wasu samari 'yan gidan suka taso masa, wani ya riƙe masa riga. Direban motar ya shiga tsakani. Kowa na magana, kowa na rantsuwa, kowa na nuna hannun da yatsa, ba mai kallonsa. Hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas.

Sai yarinyar ta ja mayafina.

"Adda, mu koma gida. Ai ya bar ciwo."

Na zauna a ƙasa dirshan. Na jawo ta na zaunar a gabana, na ɗora hannun a cinyata. Ba zan ce tsoro ya sake ni ba. Duk abin da aka gaya mana tun muna yara yana nan a kunnena, ina jin kamar in na taɓa igiyar nan wani abu zai shiga gidana ya zauna. Na yi bisimilla na fara laluben ƙulli. Man shanu da kumburi sun sa igiyar ta nutse cikin tsumma, farcena ya kasa kamawa. Na sunkuya na sa haƙori.

Matar nan mai jinya ce ta fara gani. "Subhanallahi! Baiwar Allah, mi kike yi?"

Hayaniyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Ban ɗago ba. Ina jin ɗacin igiya a bakina da numfashin mutane a kaina.

Can na ji muryar tsohon, ba da ni yake ba, kamar da ginshiƙin rumfa yake magana.

"A gaya mata ba nan ba ne. Bakin igiyar na ƙarƙashin gwiwa, an cusa shi tsakanin kara."

Ba wanda ya gaya mini, na ji da kaina. Na laluba na same shi.

"A gaya mata kada ta ja. Warwara za ta yi, zagaye zagaye. Wani shi tallafi wuyan hannun kada shi faɗi."

Bature ya durƙusa cikin laka da wandonsa na makaranta, ya tara tafukansa biyu a ƙarƙashin wuyan hannun. Na fara warwara. Kowane zagaye na cire sai in ga ya bar kwari a tsumman. Jami'in ya tsuguna a gefena, hannuwansa a kan gwiwoyinsa.

Ya ce, "Karan ƙasa a bar shi yadda yake, na sama kawai za a ɗaga."

Tsohon ya ce, "Ashe mahauci da malamin lafiya sun haɗu ga magana guda."

Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga karan sama ɗaya bayan ɗaya, na buɗe tsumman. Wani wari ya taso. Fatar ta yi layi layi inda kara ya kwanta, ga bororo manya cike da ruwa, wasu sun fashe. Wata mata ta kawar da kan ɗanta. Muka zuba wa yatsun ido. Ba abin da ya canza. Jami'in ya danna farce ya saki. Ya sake. Aka fara yayyafi, ba wanda ya motsa.

Sai ta sandare a jikina, ta buɗe baki ta ƙwalla ƙarar da ko ranar faɗuwa ba ta yi irinta ba. Ta riƙa dukan ƙasa da dugadugai tana kiran Inna, tana kiran Adda. Na riƙe ta da dukkan ƙarfina.

Jami'in ya ce, "Bar ta ta yi. Jini ne ke komawa. Direba, ta da mota."

Ya ɗauko bandeji ya naɗe hannun sako-sako a kan karan ƙasa. A wannan karon bai tsaya duban taro ba, don ba ɗori ba ne kuma, an riga an kwance. Da muka miƙe za mu tafi tsohon ya kira ni.

"Ɗiyata, kin san abin da kinka ɗauka?"

"Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Hannuwansa na cikin riga har muka bar wurin.

A asibiti likitan da ya karɓe mu bai yi mana faɗa ba, da alama ya gaji da irin wannan faɗan. Aka ɗauki hoton da Bature yake so, aka shiga da ita ɗakin aiki. Sun tsaga fatar hannun ta tsawo don naman da ya kumbura ya sami wuri. Da ya fito ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Naman ya daɗe babu jini, za su zuba ido su gani. Idan baƙin da ya kama yatsun ya ci gaba da hawa, ba su da zaɓi sai yankewa.

Maigida ya iso da la'asar. Ya tsaya a bakin gadon ya daɗe, sannan ya ce in zo waje.

"Ke kinka kwance?"

"Ni ce."

Ya dubi ƙasa. "Inna ta ji." Bai ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta.

Kwanakin da suka biyo ba na son tuna su. Ni ce mai jinya, don ba wanda ya sake ta da maganar kunya. Kowace safiya in an buɗe hannun za a wanke sai in nemi inda baƙin ya tsaya jiya, in auna da idona. Masu dubiya kuwa kowa da abin da ya zo da shi a baki tare da kwanon abinci. 'Yan'uwan tsohuwa suka ce da an bar ɗorin har mai shi ya huce da ba a kai ga wuƙa ba. Abokan Bature suka ce a kai tsohon ƙara, wani har ya ciro waya zai ɗauki hoton hannun don duniya ta gani, na rufe shi da mayafina. Wata ma'aikaciya ta ce mini in gode wa Allah jami'in nan yana wurin. Wata mai jinya a gadon kusa ta ce in gode wa Allah tsohon ya buɗe baki. Ita tsohuwa ba ta zo ba, ƙugunta bai sake ta ba, amma kullum sai ta aiko da fura mai yawan nono, ta ce a ba jikarta. Ni ba ta aiko mini da ko gaisuwa ba.

Wata safiya likitan ya zo da wasu ɗalibai biyu a bayansa. Ya buɗe hannun ya daɗe yana dubawa, yana danna nan da can. Ya ɓare sabuwar allura ya ce wa yarinyar ta rufe ido, duk inda ta ji ta faɗa. Na riƙe ƙarfen gado.

Ya taɓa babban yatsa.

"Na ji."

Ya taɓa manuni.

"Na ji. Da zafi."

Na tsakiya ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Kamar na ji."

Ya taɓa na kusa da ƙarami. Shiru. Ya taɓa ƙaramin, ya ɗan ƙara dannawa har na ga ɗigon jini ya fito. Idonta a rufe, tana jira.

Ta ce, "Likita, ka gama?"

Ya ce, "Na gama, buɗe idonki." Ya juyo gare ni. "Mama, hannu ya tsira, ba za mu yanke ba. Waɗannan biyun sai abin da Allah ya yi. Wani lokaci suna dawowa."

Ba su dawo ba. A hankali suka naɗe cikin tafinta, a nan suke har yau, hannun kuma ya fi ɗan'uwansa siranta. Da muka koma gida tsohuwa ta karɓe ta a ƙofa, ta buɗe tafin ta duba yatsun biyu, ta ɗago ta dube ni. Kowace safiya takan zaunar da ita a rana ta shafa musu man shanu tana miƙar da su, in ta saki su koma. Yarinyar da kanta ta koya wa sauran ukun riƙe alƙalami, da hutu ya ƙare ta koma makaranta.